Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: yadda kamfanin ƙasa mai tasowa ke hawa daga lebura zuwa mai kaya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane magana in sun karanta ta da idonsu.

Akwai wata magana da duk ɗan siyasar da ya hau mumbari yake yi: "Dole mu daina fitar da ɗanyen kaya, mu riƙa sarrafawa a gida." An yi tafi, an watse. Maganar gaskiya ce, babu mai musu. Amma in ka tsayar da mai maganar ka ce ranka ya daɗe, to ta yaya, sai ka ji an fara kame-kame. Yau wannan "ta yaya" ɗin za mu bi. Akwai kamfanonin da suka fara a matsayin 'yan aikin wasu, yau su ne masu kaya. Akwai kuma waɗanda suka shekara arba'in suna wa wasu aiki, har yanzu suna nan inda suke. Me ya raba su?

Mu fara da wayar da ke hannunka. Ba ƙasa ɗaya ce ta yi ta ba. An zana ta a wani wuri, an ƙera ƙwaƙwalwarta a wani wuri, gilashinta daga wata ƙasa, batirinta daga wata, ma'adinin da ke cikin batirin ma wataƙila daga Kwango ya fito. Sannan aka tattara komai a wata masana'anta aka harhaɗa, aka sa a kwali, wani ya yi talla, wani ya yi dako, wani ya sayar maka a Farm Centre ko kasuwar garinku. Wannan jerin hannuwa shi masana tattalin arziki suke kira sarƙar daraja ta duniya. Kowane hannu yana ƙara wa kayan wani abu, kowane hannu kuma yana cire rabonsa. Matsalar ita ce rabon ba daidai yake ba, ko kusa.

A 2011 wasu masu bincike uku a Amurka, Kraemer da Linden da Dedrick, suka rarraba kuɗin iPhone ta 2010 suka ga ina kowace dala take tafiya. Apple, wanda ba shi da masana'antar harhaɗa wayar, ya kwashe kashi 58.5 cikin ɗari na farashin a matsayin riba. Ladan ma'aikatan China da suka harhaɗa ta da hannunsu kuwa kashi 1.8. Ku sake karanta wannan. Shi kansa Foxconn, katafaren kamfanin Taiwan da ke harhaɗa yawancin wayoyin, a 'yan shekarun nan abin da ke saura masa riba bai kai kashi 3 na cinikinsa ba, alhali na Apple yana wajen kashi 25. Kura da shan bugu kenan, gardi da karɓar kuɗi.

Stan Shih, mutumin da ya kafa kamfanin kwamfuta na Acer a Taiwan, ya zana wannan abu a 1992, zanen ya fito kamar bakin mai murmushi. Gefen hagu da ya ɗaga sama shi ne bincike da zane da fasahar da aka yi wa rajista. Gefen dama da ya ɗaga shi ne suna da talla da hanyar kaiwa ga mai saye. Tsakiya, inda leɓe ya sauko ƙasa, nan ne harhaɗawa. Dalilin kuwa ba wani sihiri ba ne. Duk aikin da mutum dubu za su iya yi, farashinsa a ƙasa yake, domin in ka ce a ƙara maka, sai a ce ga wani can a Biyetnam zai yi a ƙasa da haka. Aikin da kai kaɗai ko ku biyu kuka iya, ku ke yanka farashi. Hawa sama a sarƙar nan, in ka cire duk turancin da ake yi, ma'anarsa ɗaya ce: ka matsa daga aikin da ake iya maye gurbinka da waya ɗaya, zuwa aikin da in ka tafi sai an ji a jiki.

To bari in ba ku labarin keke, domin ni a ganina babu labarin da ya fito da abin fili kamarsa.

A 1972 wani mutum mai suna King Liu ya kafa ƙaramar masana'antar keke a yankin Taichung na Taiwan, ya sa mata suna Giant. A lokacin kekunan Taiwan sunansu ya ɓaci a kasuwar duniya, kayan arha ne marasa ƙwari. A 1977 Giant ya samu kwangilar ƙera keke wa Schwinn, wanda a Amurka ta wancan zamani in an ce keke to shi ake nufi. Giant ne ke ƙerawa, amma sunan Schwinn ake liƙawa. Mai saye a Chicago bai taɓa jin sunan King Liu ba. Schwinn ya turo injiniyoyinsa da ma'auninsa na inganci, domin ba ya son a kawo masa tarkace da sunansa a jiki. Wato don amfanin kansa ya koyar da su, ba don Allah ba. A 1980 ma'aikatan Schwinn a Chicago suka shiga yajin aiki, sai kamfanin ya ƙara tura aiki Taiwan. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, Giant ne ke ƙera sama da kashi biyu cikin uku na kekunan Schwinn, kuma wannan ciniki ɗaya shi ne wajen kashi 75 na duk abin da Giant ke sayarwa.

Ku tsaya a nan ku duba. Daga waje za ka ce Giant ya haye. Amma kashi 75 na abincinka a hannun mutum ɗaya? Ranar da ya juya maka baya, ka kwana da yunwa. Kuma ya juya ɗin. Schwinn ya samu inda ya fi arha, ya ƙulla da wani kamfani a Shenzhen ta China. Abin da ya ceci Giant shi ne bai zauna yana jiran wannan rana ba. Tun 1981 ya fara sayar da keke da sunansa a cikin Taiwan. A 1986 ya buɗe reshe a Holan, ƙasar da kusan kowa ke hawa keke, a 1987 ya shiga Amurka da sunan kansa. A shekarar 1987 ɗin kuma ya fito da keke mai gangar jiki ta zaren kabon, mai sauƙin nauyi, a farashin da masu tsere na gama-gari za su iya saye. A 1992 Schwinn ya durƙushe, ya je kotu ya bayyana karyewa. Giant kuwa yau yana cikin manyan masu ƙera keke a duniya, kuma har yanzu yana yi wa wasu kamfanoni aikin kwangila a gefe.

In ka lura, matakai ne. Farko a ba ka zane da kayan aiki, kai dai ka harhaɗa. Sai ka kai inda kai ke nemo kayan aikin ka ƙera gaba ɗaya, amma da zanen mai kaya da sunansa. Sai ka kai inda kai ke zanawa, shi dai ya zaɓa ya liƙa suna. Na ƙarshe ka fito da sunanka. Duk telan da ya taɓa yi wa babban shago ɗinki ya san wannan tsani ba sai an zana masa ba: daga mai ɗinka abin da aka yanka masa, zuwa mai yanka, zuwa wanda ake cewa "fito mana da sabon salo na sallah", zuwa ranar da ya buɗe nasa shagon.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Wasu masana biyu a Ingila, Humphrey da Schmitz, sun yi nazarin wannan a farkon shekarun 2000, suka ga cewa babban mai saye zai taimake ka da zuciya ɗaya ka gyara yadda kake aiki, ka rage ɓarna, ka ƙara inganci, domin ribarsa ce. Amma ranar da ka fara taɓa zane ko ka fara neman kwastoma da sunanka, ka shiga gonarsa. Daga ranar kai kishiya ne. Yana iya janye odarsa cikin mako guda. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke maƙale a mataki na biyu. Ba rashin basira ba ne. Lissafi suke yi: in na fito da sunana, odar da nake biyan ma'aikata dubu biyu da ita za ta tafi, ni kuma sunana zai ɗauki shekara goma kafin ya fara ciyar da ni. Wa zai riƙe ni a tsakani? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amsar "wa zai riƙe ni" ita ce ta kawo mu ga gwamnati, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin akwai shekara ɗaya da take ba ni haushi duk lokacin da na tuna ta: 1975.

A 1975 masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. A zamanin ne aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, da na manyan motocin Fiat a Kano. A ƙarshen wannan shekara ta 1975 kuma, a Koriya ta Kudu, Hyundai ya fito da Pony, motarsa ta farko mai sunansa. Shi ma fa da harhaɗawa ya fara: an kafa shi a 1967, a 1968 yana harhaɗa Ford Cortina. Da tattaunawarsu da Ford kan haɗin gwiwa ta watse, sai mai kamfanin, Chung Ju-yung, ya ce za su yi tasu. Ba wai sun iya komai ba ne. Zanen jikin motar, wani Ba'italiye mai suna Giugiaro suka biya ya yi. Inji da giya, daga Mitsubishi na Japan suka sayi lasisi. Gina masana'anta, suka ɗauko George Turnbull daga British Leyland tare da wasu injiniyoyin Ingila. Kusan komai na aro ne.

To ina bambancin? Hyundai ya sayi ilimin gunduwa-gunduwa daga wurare daban-daban, shi ya riƙe aikin haɗa su wuri ɗaya, shi ya riƙe suna, shi ke yanke shawara. Babu baƙon da zai ce masa kada ka fitar da mota zuwa ƙasa kaza. A 1976 ya fara fitar da Pony zuwa Ekwado. Mu kuwa, zane yana Faransa, inji yana zuwa a akwati, suna na Faransa, kasuwar kuma ta cikin gida ce da gwamnati ta killace. Da farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsarin SAP a 1986, naira ta karye, sai akwatunan kayan da ake shigowa da su suka yi tsadar da ba ta saye. Masana'antun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ba mu riƙe wani sashe na aikin da za mu tsaya a kansa ba.

Kada kuma wani ya ɗauka Hyundai ya sha da sauƙi. Sai a 1991 ya fito da injin da shi ya zana da kansa, shekara 24 bayan kafa kamfanin. Da ya shiga Amurka da Excel a 1986 a kan dala 4,995, ya sayar da motoci sama da dubu 160 a shekarar farko, sannan motocin suka fara ba da matsala, sunan ya zama abin barkwanci a talabijin. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ya fito da garantin shekara 10 ko mil dubu 100, wanda ya tilasta wa kansa gyara inganci, domin in motar ta lalace shi zai biya. A 2022 rukunin Hyundai da Kia ya zama na uku a duniya wajen yawan sayar da motoci.

Gwamnatin Koriya ta kare kasuwar gida, ta ba da bashi mai sauƙi. Mu ma mun yi haka ai. Abin da ba mu yi ba shi ne sharaɗin. A zamanin Park Chung-hee, tun tsakiyar shekarun 1960, duk wata ana zaman duba kayan da aka fitar waje, shugaban ƙasa da kansa yana zaune. An ba ka bashi, an ba ka kariya, to kawo lissafin abin da ka sayar a waje. Ka cika alkawari, a ƙara maka. Ka gaza, a juya wa wani. Wata masaniya Ba'amurkiya, Alice Amsden, ta yi littafi guda a kan wannan a 1989. Hikimar ita ce minista ana iya yi masa daɗin baki, ana iya kai masa goro, amma mai sayen mota a Kanada bai san ɗan wane ne kai ba. Park soja ne mai mulkin kama-karya, ya danne ƙungiyoyin ƙwadago, kuma ba wannan nake tallata muku ba. Sharaɗin nake nufi. A wurinmu ana ba da sassaucin haraji, a da ma har da dalar gwamnati mai rahusa, babu wanda yake dawowa bayan shekara uku ya tambaya me aka yi da su.

Yanzu mu leƙa Bangladesh, domin labarinsu yana da daɗi a farko, yana da ɗaci a ƙarshe. A 1979 wani tsohon ma'aikacin gwamnati, Noorul Quader, ya ƙulla yarjejeniya da Daewoo na Koriya. Su Daewoo abin da ya kawo su shi ne ƙasashen Yamma sun ƙayyade yawan tufafin da Koriya za ta shigar musu, Bangladesh kuwa ba a sa mata wannan iyaka ba. Kamfanin Quader mai suna Desh ya tura mutum 130 Koriya suka yi watanni suna koyon aiki, daga tsara layin ɗinki har yadda ake mu'amala da mai saye na waje. Cikin 'yan shekaru, 115 daga cikinsu sun bar Desh, sun buɗe nasu ko sun tafi jagorantar wasu masana'antu. Ga Desh wannan asara ce, ga ƙasar kuwa iri ne aka watsa. Gwamnati ta ƙara da abu biyu masu sauƙi: a shigo da yadi ba haraji muddin ɗinkawa za a yi a fitar, sannan banki ya karɓi takardar odar mai saye a matsayin jingina, ya buɗe maka hanyar sayen yadi bashi. Ma'ana mai ƙaramin jari ma zai iya shiga.

Yau tufafi ne sama da kashi 80 na abin da Bangladesh ke fitarwa, ma'aikata wajen miliyan huɗu, mata da yawa a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku kira min sunan tufafin Bangladesh guda ɗaya da kuka sani. Rigar tana ɗauke da sunan H&M ko Zara, "Made in Bangladesh" kuma yana can ciki a bayan wuya. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a ƙarshen 2023 taka 12,500 ne, wajen dala 113 a wata a lokacin. A ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta, mutum 1,134 suka mutu, washegarin ranar da aka ga tsaga a bango amma aka ce ma'aikatan ɗinki su koma ciki. In gasar da kake yi ita ce wa ya fi arha, to wata rana arhar za ta fito daga siminti da rodi, ko daga jikin ma'aikaci.

Akwai kuma hanyar da ba ta bi ta Turai da Amurka ba kwata-kwata, kuma shaidarta tana aljihun yawancinku. Tecno, Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, wanda wani ɗan China mai suna Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006. Bai je ya yi kokawa da Nokia da Samsung a inda suka fi ƙarfi ba. Ya zo Afirka ya duba me ke damun mutane. Ya ga muna yawo da layi biyu saboda kiran wani layi ya fi tsada kuma sabis yana ɗaukewa, ya yi waya mai sim biyu. Ya ga ba wuta, ya sa batir mai daɗewa. Ya ga kyamarorin da ake da su ba sa fito da fuskar baƙar fata da kyau, ya gyara tasa. Ya buɗe wuraren gyara na Carlcare, ya kafa masana'antar harhaɗawa a Habasha a 2011. Zuwa 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Ƙwaƙwalwar wayar ba shi ya ƙera ba, saye yake kamar kowa. Abin da ya mallaka shi ne sanin kwastoma da suna da hanyar rabawa, wato gefen dama na murmushin nan. Abin da ke ci mini rai, wannan sani a tsakar gidanmu yake. Wani ya taso daga Shenzhen ya zo ya tsince shi.

Wata 'yar tsokaci kafin mu dawo gida: kada a ɗauki zanen murmushin nan kamar aya. TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987 da jarin gwamnati da na Philips, aikin kwangila kawai yake yi. Ba ya zana ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya sayar da komai da sunansa ga ni da kai. Ƙerawa kaɗai. Amma ya ƙware har ya kai kusan babu mai iya yin irin aikinsa, sai ga Apple da Nvidia suna layi a ƙofarsa. Don haka ba dole sai ka yi suna ba. Tambayar dai ita ce mutum nawa ne za su iya abin da kake yi.

To mu fa? Ɗauki fata. Fatar jan akuyar Sakkwato tana cikin mafi kyau a duniya. Abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ta fito, ayari ya ƙetara da ita Sahara, aka sa mata sunan inda Turawa suka saye ta. Wato tun zamanin raƙuma ake liƙa wa kayanmu sunan wani. Yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna sarrafa fata ana kai ta Italiya da Sifen, can a yanka jaka ko takalmi, a buga tambari, farashi ya ninka sau da yawa. Ɗanyar fata tana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta fitarwa, kuma wannan ya taimaka aikin jima ya zauna a Kano. Mataki ɗaya kenan an hau. Na gaba shi ne ya gagara, kuma dalilansa ba na ban mamaki ba ne: wuta, sinadaran jima da ake shigowa da su da dala, fatar da wuƙar mahauci ta huda tun a mayanka ko ƙaya da kaska suka ɓata tun dabbar tana raye, da kuma rashin masana'antar da za ta iya kawo takalmi dubu goma iri ɗaya, girma ɗaya, a ranar da aka yi alkawari. Dukawanmu sun iya aiki, amma mai saye na waje ba takalmi ɗaya mai kyau yake nema ba, dubu goma yake nema waɗanda ba za ka iya bambance na farko da na ƙarshe ba.

Hana fitar da ɗanyen kaya shi ne makamin da gwamnatoci suka fi so, domin sanarwa ɗaya ce, ba ta cin kasafi. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel daga Janairun 2020, Tarayyar Turai ta kai ta ƙara hukumar ciniki ta duniya ta kuma yi nasara a 2022, Indonesiya ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da abinta. Matatu sun tashi, kuɗin da take samu ya ƙaru sosai. Amma ta iya yin haka ne saboda ita ce ta fi kowa nikel, masu saye ba su da wurin gudu, kuma yawancin matatun na kamfanonin China ne, ga ɓarnar muhalli da kwal ɗin da ake ƙonawa. A watan Agustan 2025 Najeriya ta hana fitar da ɗanyar kaɗanya na wata shida. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ce muna samar da kusan kashi 40 na kaɗanyar duniya, amma rabonmu a kasuwar bai kai kashi 1 ba. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai cikin kwanaki farashin kaɗanya ya faɗi a kasuwannin ƙauye, kuma wa ke tsintar kaɗanya? Matan karkara ne a Neja da Kwara da Kebbi. In ka rufe ƙofa kafin masu matse man kaɗe na gida su iya shanye kayan a farashi mai kyau, to ka ɗebi kuɗi ne daga zanin mai tsinta ka zuba a aljihun mai masana'anta. Ni ba na adawa da hanin, amma ina so in ga an ɗora wa masu masana'antar sharaɗi irin na Koriya: ga tan nawa na man kaɗe za ku fitar, ga farashin da ba za ku saya ƙasa da shi ba, ga ranar da za a zo a duba.

Wani lokacin ma matakin farko ba masana'anta ba ne sam. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos fiye da ƙima, irin wanda ake zubawa a buhu don hana ƙwari cin wake a sito. Babu wanda ya ce mu ƙera jirgin sama. Cewa aka yi a adana wake ba tare da guba ba, a kuma iya nuna takardar gwaji da za a yarda da ita. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, yana nan a kasuwa tun kafin hanin. Mai riɗi a Maigatari da ke tankaɗe kayansa ya fitar da yashi da tsakuwa, ya ware fari da ja, ya san gonar da kowane buhu ya fito, ya riga ya hau mataki a kan wanda ke loda duk abin da aka kawo masa. Wannan aiki ne da matasa biyar masu digiri da injin tankaɗe da ma'aunin danshi za su iya farawa.

Ga masu shirin shiga irin wannan harka da wani babban kamfani, na waje ko na Legas, ku duba takardar yarjejeniya da idon King Liu. Shin za su turo wanda zai koya wa mutanenku aiki, ko kaya kawai za su karɓa? An hana ku sayar wa wani? In an hana, na shekara nawa, kuma a wace kasuwa? In kun gyara zane ko kun gano wata dabara, ta wa ce a rubuce? Kashi nawa na cinikinku ne zai dogara da su bayan shekara uku? Sannan ku riƙe wata 'yar kasuwa da kuke sayarwa da sunanku komai ƙanƙantarta, ko Yamai ce ko Agadas ko Njamena ko Kumasi, inda babban mai sayen bai damu da ita ba, kamar yadda Giant ya riƙe Taiwan shekara biyar kafin ya taka Holan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki koko: yadda Kodebuwa da Gana ke noma fiye da rabin na duniya, da kuma su wane ne ainihin masu injinan niƙan da ke Abijan da San Pedro. A tura wa wanda ya kamata ya karanta. Sai mun haɗu.